Tuta Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Talata, saura kwana saba'in da ɗaya a buɗe gasa

Yaya,

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau sati uku ina yawo da shi a ƙirji kamar na haɗiye dutsen guga. Amma bari in gaishe ka tukuna, kada ka ce ɗinki ya cinye mini ladabi. Ya aiki, ya hawa tsani? Ina fata kana cin abinci a kan lokaci. Mama lafiya lau, sai kafaɗar nan da ke tashi idan ta daɗe a kan keke. Baba ya ce in ce maka ƙafarsa ta warke, ni kuwa ina ganinsa yana dafa bango kafin ya miƙe. Kai dai ka san Baba.

Ba zan iya kiranka ba. Wayar Mama ce kaɗai a gidan, ita kuwa da an ɗauka sai ta buɗe murya shago duka ya ji, har Maman Biyu ta dakatar da kekenta ta sa baki. Shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda, wanda kuke ce wa Sannu-Sannu. Na ce masa gaisuwa ce kawai.

Ka san kwangilar tutocin da Mama ta samu, waɗanda za a jera daga filin jirgi zuwa babban filin wasan da kuke aiki. Ɗan kwangilar ya raba wa shaguna tara, mu aka ba mu ƙasashe shida, kowace guda arba'in. Kowace ƙasa da ɗan katinta, babu suna a jiki, sai lamba da zanen tutar. Mama ta miƙo mini lamba goma sha huɗu ta ce, “Auta, ga taki, wannan ko ido rufe kya ɗinka.” Launi uku ne a tsaye, shuɗi da fari da rawaya, sai farar ƙubaka a gefe ɗaya inda za a zura sanda.

Yaya, katin nan daidai yake da tsawon littafi. Wallahi kamar don haka aka yanka shi. Lokacin ina karanta wani da na karɓo haya, ina daidai inda yarinyar ta tsaya a tasha da akwatinta, saurayinta kuma yana can yana gudu cikin ruwan sama bai san motar ta kusa tashi ba. Mama ta kira ni, sai na sa katin a shafin don kada ya ɓace mini. Washegari na ƙarasa littafin, na sha kukana, na mayar wa mai haya. Sai da na zauna a kan keke na tuna.

Na koma a guje. Ya ce wata mata ta karɓe shi, kuma ta yi tafiya, bai san ranar dawowarta ba. Ya tambaye ni ko kuɗi na manta a ciki, na ce a'a, na fito.

Na san abin da za ka ce, me ya hana in faɗa wa Mama. Na je gabanta sau uku. Sau ɗaya na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Mama, in kawo miki ruwa?” Daga ƙarshe na ce wa kaina ai na kalli katin nan ya fi sau ɗari. Na rufe ido na hango shi, na ga rawaya ce a jikin sanda. Haka na ɗinke arba'in ɗin, na goge, na ninke, Sannu-Sannu ya kwashe su ranar Alhamis.

Jiya aka aike ni sayo zare, na bi ta shataletalen da aka kafa agogon ƙirga kwanaki. An ƙara wani babban allo mai tutocin duk ƙasashen da za su zo. Na tsaya ina neman tawa, sai na ga biyu kusa da juna. Ɗaya rawaya, fari, shuɗi. Ɗaya shuɗi, fari, rawaya. Yaya, na dubi wannan, na dubi waccan. Ƙasa biyu ce daban, kuma ban san wacce ce goma sha huɗu ba.

Ranar da aka raba aikin ina bayan Mama lokacin da ɗan kwangilar ya ce duk shagon da ya juya tutar wata ƙasa an cire shi, babu roƙo, domin ƙasashe ba sa wasa da wannan. Kuma akwai zagaye na biyu na aiki. Saboda shi Mama ta ɗauki mata uku ta ƙaro keke biyu. Maman Biyu har ta mayar da tagwayenta makaranta.

Tun da kai kana cikin masu rataye kayan ado, don Allah ka nemo kwalin kafin a buɗe. Na rubuta 14 a jiki, da ɗan fure a kusurwa. Kada ka yi mini dariyar furen. Ka duba, ka faɗa mini gaskiya ko wacce iri ce.

Ƙanwarka,
Auta

*

Asabar, saura kwana sittin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Duk muna lafiya, kafaɗar Mama ta yi sauƙi tun da Baba ya ɗaga mata kujerar keke da katako biyu.

Sannu-Sannu ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa babu komai. Ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu, wai kana saman ƙarfe ka sauko ka karɓa ka sa a aljihu. To ko ka wanke wandon da ita? Ko kana fushi ne? Idan fushi ne ka rubuto ka zage ni, zan fi jin daɗi.

Garin nan ba za ka gane shi ba. Tun da aka ce ƙungiyoyi biyu za su sauka a nan su riƙa atisaye, an kwashe kwata, an zuba kwalta a layinmu har ƙofar shago. Yanzu yadi ba ya ɗaukar datti idan mun shanya. Fitilun titi sun kama, mai shayin bakin hanya ya ƙaro benci uku ya sayi farar riga, wai baƙi za su zo. Baba ya fenta ɗakinka zai ba 'yan jarida haya, ya kwashe takalmanka ya zuba a buhu. Na ce ka ji da wuri.

Kowa murna yake yi, ni kaɗai ce nake bin bango. Shekaranjiya Mama ta ce da matan shago, “In zagaye na biyu ya zo, rufin nan da ke yoyo ya ga ta kansa.” Maman Biyu ta ce, “Ni kuwa katifa zan saya, wadda in na kwanta sai an tashe ni da ƙararrawa.” Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma allura ta soke ni ban ji ba sai da na ga jini a yadi.

Kullum da yamma ina leƙa mai hayar littattafai ko matar ta dawo. Yanzu da ya hango ni yake girgiza kai tun daga nesa. Ya ɗauka littafin nake so in maimaita, har yana ce mini, “'Yata, ai sun yi aure a ƙarshe, me ya rage?”

A littattafai idan wasiƙa ta makara, akwai wani mugu da ya ɓoye ta. Ni ba ni da mugu, sai yaya mai nauyin hannu. Ko layi ɗaya ne, don Allah.

Auta

*

Lahadi, saura kwana hamsin da biyu

Auta,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata lau, sai rana. A bayan takardar aiki nake rubuta wannan a tsaye, direba yana ta danna mini ham.

Ƙari a kan waccan takardar da na aiko miki: jiya an sauke tutocin shagonmu duka daga titin filin jirgi. Shugabar masu duba aiki da kanta ta zo ta tsaya a kai. Ta tambayi wanda ya ɗinka, na ba ta sunan shago da lambar Mama, ta ce za ta kira. Kada ki ce wa Mama komai tukuna, ki bari ta ji daga bakinsu.

Ki ce wa Baba ya fito mini da takalmana daga buhu.

Yayanki

*

Talata, saura kwana hamsin

Yaya,

Na gaishe ka. Kowa lafiya, ban da ni.

Wace waccan takardar? Ban ga komai ba sai wannan guntuwar. Na tsare Sannu-Sannu a bakin mota, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya lalube aljihunsa duka ya ce iyakar abin da ya sani ke nan.

Na karanta layukanka ya fi sau ashirin a bayan shago. Duka aka sauke? Har na Mama da na Maman Biyu da ba su yi laifin komai ba? Ashe tawa ta ja musu. Kuma kai da bakinka ka ba da lambar Mama. Ban ga laifinka ba, an tambaye ka ne. Amma yaya za a yi ka rubuta mini wannan, sannan ka ƙare da zancen takalma?

Tun ranar duk lokacin da wayar Mama ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, su ne. Jiya ta yi ƙara sau bakwai. Biyar masu karɓar ɗinki, ɗaya mai kawo zare, ɗaya wani ya yi kuskuren lamba ya tsaya suna gaisawa da Mama har tana tambayar iyalinsa. Kowane kira sai na ajiye almakashi na kama gefen tebur. Maman Biyu ta lura, ta ce, “Auta, wa kike jira ya kira ne? Faɗa mana mu fara ɗinka kayan biki.” Shago ya ɗauki shewa. Da ma hakan ne, da sauƙi.

Na daina karatu. Ka san abin ya kai inda ya kai. Na buɗe wani sabo, na ga yarinyar tana kuka don saurayinta bai kalle ta ba a wurin taro, sai na ji haushinta. Na ce baiwar Allah, ke ba ki juya tutar kowa ba, tashi ki wanke fuskarki.

Ka ce kada in faɗa wa Mama, amma ina ganin gara ta ji daga gare ni kafin baƙuwa ta faɗa mata a waya, murya a buɗe, mata uku suna saurare. Na gwada a gaban mutum-mutumin da muke sa wa riga. Shi ma da ba shi da kai, sai da na yi in'ina.

An shimfiɗa ciyawa a filin atisaye, kore shar, mutane suna zuwa kallo ta shingen waya kamar ba su taɓa ganin ciyawa ba. Mama ta ce mu je mu gani ranar hutu. Tana ta shirin abubuwa, Yaya. Ta kira mai rufi ya zo ya auna.

Ka faɗa mini abu ɗaya: cire mu za a yi kawai, ko har da kiran sunan shago a gaban sauran teloli? Idan akwai wanda ake roƙo, ni zan rubuta masa. Rubutu dai na iya.

Auta

*

Litinin, saura kwana arba'in da huɗu

Auta sarkin kuka,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da Baba. Lafiyata ƙalau. Yau hutuna ne, na samu tebur da kujera, saboda haka ki share hawaye ki zauna ki karanta a hankali, ba irin karatun da kike wa littattafanki ba kina tsallake shafi don ki ga ƙarshe.

Da farko, na gano waccan takardar. Shafi uku na rubuta miki tun kwana huɗu da samun taki ta farko. Da na karanta kukanki na je na birkice motar Sannu-Sannu, na same ta a ƙarƙashin kujera, baƙa ƙirin. Ya goge sandar duba man inji da ita. Ya ce shi ya ɗauka rasit ne. Ban dake shi ba saboda ya girme ni. Laifina shi ne na rubuto guntuwar a kan kin riga kin san labari. Ki yafe mini wannan.

Ga labarin. Ranar da takardarki ta zo na je wurin mai sito, wani dattijo da muke kira Sa-Hannu, don ko tsintsiya za ka ɗauka sai ka sa hannu. Yana da babbar takarda mai dukkan lambobi. Na nemo kwalinki, ga fure kuwa, na yi dariyar kuma ba zan ɓoye ba. Na buɗe na gwada.

Kin juya ta, Auta. Goma sha huɗu shuɗi ne a jikin sanda. Wadda kika ɗinka ta goma sha biyar ce, kuma ki ji abin da ya sa na zauna a kan kwalin: su biyun ne za su buga wasan farko.

Na ce wa Sa-Hannu akwai gyara a ƙubaka, zan fita da kwalin in dawo da shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Naku ne?” Na ce namu ne. Ya ce, “Kwana bakwai. Sa hannu.”

A bakin ƙofar ma'aikata akwai wani tela da ke facin kayan aikinmu. Aiki ya yi masa yawa, ma'aikata sun fi dubu biyu, ya ce ba zai taɓa mini komai ba sai bayan wata guda. Amma yana da tsohon keke na ƙafa a kusurwa. Na gyara masa fankarsa da ta shekara ba ta juyawa, ya bar mini keken lokacin hutun rana.

Kin san tun ina shekara goma sha biyar na rantse ba zan sake zama a kan keke ba. Kin san yadda muka rabu da Mama a kan haka. To, na zauna. Na farke ƙubaka arba'in da reza, na mayar da su ɗaya gefen, na kalmashe inda na farke. Ta farko ta karkace, na sake. Daga ta uku ƙafata ta tuna da kanta, ban ma san lokacin ba. Na tsinci kaina ina komawa sau uku a kowace kusurwa, ina lasar bakin zare, ina ture yadi da bayan hannu, duk yadda Mama take yi. Telan ya tsaya a kaina ya ce, “Kai, mai lantarki, wa ya koya maka?” Na ce uwata. Ya ce, “To ka gaishe ta, ta iya.” Abokan aikina kuwa sun samu abin yi, har yau Tela suke kirana. Kwana shida ina cin burodi a tsaye saboda ke.

Aka rataye su tare da na kowa don gwaji. Sai aka yi iska mai ƙarfi kwana biyu a jere. Da gari ya waye rabin tutocin titin sun zama tsumma, bakinsu ya zare, wasu sun bar sandarsu sun tafi yawo. Na shagonmu ɗari biyu da arba'in suna nan, ko zare ɗaya bai tashi ba. Shi ne shugabar ta zo, ta sa aka sauko da ɗaya, ta juya kusurwar ta duba, ta ce waɗannan ba na titi ba ne, a sauke su a kai cikin fili a jera a saman rumfar manyan baƙi. Abin da ya sa aka sauke su ke nan. Kiran da za ta yi na ƙarin aiki ne. Ta makara ne don tana yawo tsakanin filaye huɗu, wayarta uku kuma duk suna ƙara.

Da kin ga filin yanzu. An gama rufi, an ɗaure kujeru sai ɓangare ɗaya, jiya muka gwada fitilu duka lokaci guda, ko ɗaya ba ta mutu ba, injiniyanmu ya cire hularsa ya jefa sama. An ce za a riƙe mutum talatin su ci gaba da kula da wurin bayan gasa, kuma sunana yana ciki. Wannan ki faɗa wa Baba, ya daina cewa aikin wata shida na tafi.

Maganar kati kuwa, ni ba zan faɗa wa Mama ba. Ba ni na sa shi a littafi ba. Takardar nan taki ce, ki ƙona, ki ɓoye, ki yi yadda kika ga dama. Abu ɗaya kawai: nan gaba ki riƙa naɗe kunnen shafi kamar sauran mutane.

Yayanki, wanda ake kira Tela

*

Alhamis, saura kwana arba'in da ɗaya

Yaya Tela,

Ina gaishe ka da babbar murya, irin wadda ba ni da ita a fili. Kowa lafiya. Baba ya ji zancen aikinka, sai ya fito da takalmanka daga buhu ya goge su ɗaya bayan ɗaya.

Na karanta takardarka a bayan shago, a kan buhun ƙyallaye. Da na zo inda ka ce na juya ta, sai na koma na sake karanta layin. Da na zo wurin iska kuwa, sai na ji ina dariya ina kuka lokaci guda, har Mama ta leƙo ta ce ko wani littafin ne kuma. Na ce e. Ranar na ci abinci har na ƙara. Ban san yadda ake gode wa mutum a kan kwana shida na burodi a tsaye ba. Allah ya saka maka, Yaya. Na yafe wa Sannu-Sannu ma.

Jiya da hantsi aka kira. Murya a buɗe kamar kullum, kekuna suka tsaya cak. Tuta ɗari uku, da ƙyallen teburin ba da lambobin yabo, kuma ba ta hannun ɗan kwangila ba, kai tsaye. Maman Biyu ta cire ɗankwali tana juyi da shi tana cewa katifa, katifa. Mama ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe a haka. Za ta ƙara ɗaukar mata biyu.

To ga inda aka tsaya. Cikin ɗari ukun akwai goma sha huɗu guda sittin. Sababbin katuna sai mako mai zuwa, Mama kuwa ta ce ba za ta zauna jira ba. Ashe lokacin da na yi nawa akwai guda ɗaya da man keke ya ɗiga a kai, ta cire ta ajiye na yanka wata. Ita ta ɗauko yau da safe ta manna a bango da ƙusa, ta ce, “Ga samfuri nan, aikin Auta ne, shi aka yaba. Gobe da safe kowa ta kwafi wannan.” Rawaya a jikin sanda, Yaya. Tutar tana kallona ina kallonta.

Na san abin da zan iya yi. Yau da rana Mama ta tafi kasuwa, matan sun fita cin abinci, shago ya rage ni kaɗai. Minti goma ya ishe ni in farke in mayar, babu wanda zai taɓa sani har abada. Na sauko da ita, na ɗauki reza, har na tsinke zare biyu.

Sai na tuna abin da ya faru jiya bayan kiran. Ana cikin murna Maman Biyu ta ce, “Da ɗanki ya zauna a shago, da yanzu ku biyu ne a kan wannan arziki.” Mama tana ninke yadi ba ta ɗago ba, ta ce, “Shi bai taɓa son aikin hannuna ba.” A hankali ta faɗa, ta ci gaba da ninki. Ni kuwa takardarka tana cikin aljihuna, da telan da ya ce a gaishe ta, da kusurwa sau uku.

Idan na gyara tutar a ɓoye, wannan gaisuwar ba za ta taɓa isa ba. Kuma za a ci gaba da nuna ni ana cewa Auta ba ta kuskure, a ba ni duba aikin manyan mata, ni da na ɗinka ƙasa guda da ido rufe. Na mayar da ita bango yadda take.

Bakina ba zai iya ba, na gwada na gani. Na fara rubuta wa Mama tawa takardar sau biyu, duk sai su fito kamar littafi, da hawaye da kaza da kaza, na yayyaga. Taka ta fi, komai yana ciki a miƙe, laifina da aikinka. Ka ce tawa ce in yi yadda na ga dama. To ka yi haƙuri, naka asirin ma zai tonu.

Za ta yi faɗa, na sani. Wataƙila ta hana ni hayar littafi har a gama gasa, wataƙila ta faɗa a gaban su Maman Biyu in rasa inda zan sa fuskata. Amma ka shirya, ina jin wayarka za ta yi ƙara yau, kuma murya a buɗe.

Ta dawo, ga ta can ita kaɗai a teburin guga, matan ba su shigo ba tukuna. Sannu-Sannu yana waje yana ɗaure kaya. Zan liƙe wannan in ba shi, in ja masa kunne a kan man inji. Taka kuma na fito da ita daga aljihu, na miƙar da ninkin. Yanzu zan kai mata.

Auta